Watan da Ko Ganye Ba Ya Motsi

Shafi na 14

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, to ga shi. Wadda ta rubuto min cewa "Anti, ko mijin ne ya ƙwace wayar?" na gan ki sarai, kuma zan rama. Mu koma falo inda muka bar jaka a buɗe.

*

Littafin yana hannuna Kyaftin ya fito daga kicin da faranti, yana 'yar waƙarsa ta safiyar Asabar.

"Gimbiya, ƙwai biyu na soya miki, ɗayan dai ya ɗan..."

Idonsa ya sauka kan jakar. Daga jakar ya dawo kan hannuna. Waƙa ta tsaya cak.

Ɗan ƙaramin littafi ne mai baƙin bango, irin wanda suke rubutu a ciki a wurin aikinsu. Can ƙasan jakar kayan wasan tekunsa na tsince shi, an cusa shi a hannun rigar ruwa. Ni da na buɗe jakar don kawai in shanya kayan kada su yi fumfuna.

Wanda ya shigo yau, bari in kama masa hannu. Mijina ma'aikacin hasashen yanayi ne a filin jirgin sama, shi ke faɗa wa matuƙa ta ina iska za ta taso da irin ƙarfinta. Kyaftin kuwa ni na laƙaba masa, saboda wani hoto da ya turo min farkon haɗuwarmu. Mutum ne a kan teku, an ɗauke shi ta baya, da hular kwano a kansa. Ƙafafunsa a kan allo, igiyoyi ɗaure a ƙugunsa, wata ƙatuwar jar laima a sama iska ta cika ta, ta ɗaga shi ya bar ruwa da tsayin mutum biyu. Ya ce shi ne, lokacin da yake karatu a ƙasar waje. Ranar na buɗe hoton nan ya fi sau talatin.

Shekara uku a jere muna hawa jirgi zuwa tsibirin da aka ɗauki hoton, don in gan shi yana tashi da idona, ya kuma koya min. Shekara uku muna tarar da teku kwance lumui kamar ruwan bokiti. Sai ya tsaya a bakin ruwa, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai.

"Kash. Bana ma ba rabo."

Yau kuma ogata a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ta ba ni zuwa ƙarfe sha biyu in turo mata watan da nake son hutuna. Gurbi biyu suka rage, watan huɗu da watan bakwai. Kyaftin ya ce watan huɗu, kamar kullum. Agogon falo yana nuna sha ɗaya da kwata.

"Ajiye farantin," na ce.

"Ai zai huce."

"Ajiye shi, Kyaftin. Kada ka ɓata min kafet."

Ya ajiye. Ya zauna a hannun kujera, rabin jikinsa a waje, kamar baƙon da bai tabbatar an yi masa izini ba.

"Wannan littafin waye?"

"Wanne?"

"Littattafai nawa ka gani a hannuna?"

"Au, wannan! Na aiki ne. Bayanan jirage ne kawai, ba abin da zai ba ki sha'awa."

"Ai kuwa ya ba ni. Bari in karanta maka."

Na gyara zama, na gyara murya irin ta masu karanta labarai.

"Iskar tsibiri, wata-wata. Watan shida: iska mai ƙarfi, kwana ashirin da biyar cikin talatin. An ja layi da jan biro, an rubuta 'A kiyaye.'"

"To ai..."

"Watan bakwai: kullum, daga hantsi har la'asar, ba fashi. Layi biyu. An rubuta 'Ko da wasa.'"

"Gimbiya, kin san jirage..."

"Watan huɗu." Na ɗago na dube shi. "An zagaye shi da koren biro. Har da ɗan tauraro a gefe. Ka san me aka rubuta?"

Ya yi tsuru-tsuru.

"'Ko ganye ba ya motsi. Alhamdulillahi.'"

Jama'a, da kun ga fuskar bawan Allah nan. Wallahi dariya ta taso min tun daga ciki, amma na danne ta, don raina a ɓace yake, kuma ina son ya sani.

"Matuƙa jirgi suna son yanayi mai natsuwa," ya ce a hankali.

"Haka ne? To matuƙan ne suka rubuta wannan?" Na buɗe shafi na gaba. "'Shekara ta biyu, rana ta shida. Gimbiya ta fara tambaya da yawa. Gobe a ƙara nuna takaici a bakin ruwa.'"

Na sake juya shafi.

"Ko wannan? 'Rana ta tara, ƙarfe biyu da minti goma. Iska ta taso ba zato, daga arewa maso gabas. Ciwon ciki.'"

"Innalillahi."

"Ciwon ciki! Kyaftin, ranar nan da ƙafa na taka har kantin magani, rana tana dukana! Na dawo na zauna ina yi maka fifita da mujalla, ina kallon laimomin mutane ta taga suna shawagi, ina cewa Allah sarki mijina, yau da iska ta zo ga shi a kwance. Har sirinji na nema in ɗebi jininka in gwada!"

"Ai ban yarda kin ɗiba ba."

"Yanzu na gane dalili!"

Ya sunkuyar da kai yana murza zoben hannunsa. Ni kuma na miƙe, don in ina zaune masifa ba ta fita min yadda nake so.

"Abin da ya fi ɗaure min kai, kai da za ka yi ɓoyo, me ya kai ka rubutawa? Har da awa da minti?"

"Sabo ne," ya ce, murya kamar ta wanda aka taka wa ƙafa. "A wurin aiki duk abin da ka lura da shi sai ka rubuta, da lokacinsa. In ban rubuta ba ji nake kamar ban gama aiki ba."

"Oh ni! Ƙarya ma sai an yi mata rajista."

"Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Alƙaluman duk daidai ne."

"Na gode Allah da alƙaluman suke daidai!"

A nan dariyar ta kufce min, na yi saurin juya baya na mayar da ita tari. Ya gane, don na ji ya ɗan gyara zama ya shigo cikin kujerar sosai. Sai na juyo da fuskata a ɗaure tamau.

"Kada ka saki jiki. Ban gama ba."

Ya koma hannun kujera.

"Shekarar farko ka ce watan huɗu jirgi ba cunkoso. Ta biyu ka ce rana ba ta da zafi. Ta uku ka ce ka duba taswira, iska za ta sauko da wuri. Ni kuma sakarya na yarda, don waye zai yi gardamar iska da mutumin da matuƙa jirgi suke saurara? A wurin aiki har tsokanata suke yi, wai mijina iskar kowa ya sani ban da tasa. Ina kare ka. Ina cewa sha'anin Allah ne."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ka san addu'a nake yi maka? Duk safiya a otal ɗin nan sai na roƙi Allah Ya turo iska don mijina ya ji daɗi. Ashe kana gefena kana roƙon kada ta zo."

Ya sake sunkuyar da kai. Ni kuwa muryata ta ɗan karye, ban so ba.

"Kuma sau nawa na ce bari in shiga makarantar koyo da ke bakin ruwan? Ka ce a'a, kai za ka koya min da hannunka, kada wani ya ɓata min tushe. Hutuna uku, Kyaftin. Shekara guda nake tsaye a kan na'ura ina kallon jinin mutane kafin in samu mako biyun nan. Abin ya yi min ciwo, wallahi ya yi min."

Ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ban iya ba," ya ce.

"Me?"

"Ban iya ba, Gimbiya. Ban taɓa hawa allon nan ba ko sau ɗaya."

Na san amsar ke nan tun da na ga koren biro, amma jin ta daga bakinsa daban ne. Na zauna a kan jakar.

"Ko sau ɗaya?"

"Sau ɗaya na gwada. A kan yashi, ban ma kai ruwa ba. Aka ɗaura min igiyoyin, aka ce in riƙe sandar a hankali. Iska ta zo, na tsorata, na ja sandar da ƙarfi."

"Sai me?"

"Sai laimar ta ɗebe ni. Ta ja ni a kan fuska tun daga wajen masu hayar kujeru har gaban mai sayar da kankara. Kwana uku ina fitar da yashi daga kunne."

"Mutane suna kallo?"

"Har da masu tafi."

Na cusa fuskata a cikin rigar ruwa na yi dariya har da hawaye. Ku yafe min, na so in riƙe fushina zuwa la'asar aƙalla, amma ku kwatanta mutumin nan mai guga har a safa ana jansa a ƙasa kamar buhu.

"Iyo fa?" na tambaya ina share ido.

"Ina yi."

"Kyaftin."

"Inda ƙafata take taɓa ƙasa."

"Wannan ai tsayuwa ce!"

Shi ma ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ko'ina ba. Ya sauko daga kujerar ya zauna a ƙasa, kusa da ni, ya jingina da bango.

"Kin tuna abin da kika ce min ranar da muka fara magana? Kin ce kin gaji da mazan da duk jarumtarsu a kan rimot ɗin talabijin take ƙarewa. Ni kuwa a lokacin rimot ɗin yana hannuna. Na duba rayuwata kaf, daga gida sai ofis, daga ofis sai gida. Sai na tuna da hoton. Na ce in tura, gobe in faɗa miki gaskiya mu yi dariya."

"Goben ta yi shekara huɗu."

"Washegari kika ce kin sa min suna Kyaftin a wayarki. Ranar aurenmu kika ba ni kyautar hoton, an wanke shi ƙato, an sa a firam. Sannan kika saya min laima ja sak irin ta ciki. Ki faɗa min, ta ina zan fara?"

Gaskiya ni ma ban san ta ina ba.

"Kullum muka je sai in ce bana zan faɗa," ya ci gaba. "Sai in ga yadda kike kallona in na saɓa jakar nan a kafaɗa a filin jirgi. Ba wanda ya taɓa yi min irin kallon nan." Ya juyo ya dube ni. "Ki gaya min tsakani da Allah. Da ba don hoton ba, da kin amsa min?"

Na so in ce masa eh nan take, amma an sha ƙarya a gidan nan yau ta isa.

"Da ban amsa da wuri ba," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya kawar da fuska.

"Tsaya mana, ban rufe baki ba. Hoton ya sa na ci gaba da amsa saƙonka, wannan gaskiya ne. Amma ka san ranar da na kira mamata na ce na samu miji? Ranar da ka turo min cewa in kwashe shanya kafin ƙarfe uku. Sama tas, ba ko gajimare. Na ce wannan mutumin ya cika iyayi, amma na kwashe. Uku da minti biyar ruwa ya kece. Duk layinmu ni kaɗai na kwana da busassun kaya."

"Uku da minti bakwai ne."

"Za ka sha duka, wallahi."

Ya yi murmushi, na farko na gaske tun da ya fito daga kicin. Na duba agogo. Sha biyu saura kwata.

Na tura masa littafin a cinya.

"Buɗe. Yanzu aiki zan ba ka, malamin iska. Mutum biyu ne, ba su iya komai ba. Ɗaya ma a yashi aka taɓa jan sa. Yaushe ya kamata su je?"

"Gimbiya..."

"Ba mijina nake tambaya ba. Ma'aikacin nake tambaya."

Ya dubi littafin kamar maciji. Sai kuma na ga yatsansa ya fara bin layukan da kansa, kafaɗarsa ta miƙe, muryar nan tasa ta ofis ta dawo.

"Farkon watan bakwai bai dace da ɗan koyo ba, tana zuwa da fizga. Mako biyun ƙarshe ne take daidaita, ta riƙa busawa bai ɗaya. Kuma ba gaban otal ɗinmu ba, can iska daga tudu take tura mutum cikin teku. Sai bayan tsibirin, inda take zuwa ta gefe ta mayar da kai gaɓa. In ruwa ya janye da safe, iyakarsa ƙugu har tafiyar minti biyar."

"Iyakarsa ƙugu?"

"Ƙugu."

"Wato ƙafa tana taɓa ƙasa."

Sai a lokacin ya gane ramin da ya haƙa wa kansa.

"Ka san duk wannan shekara uku, kana kai ni gaban otal ina cin gyaɗa?"

"Na rubuta shi ne don in san inda ba za mu je ba."

Na ɗauki wayata. Na rubuta wa oga: "Ranki ya daɗe, watan bakwai, mako biyun ƙarshe." Na ɗora yatsa a kan wurin turawa, na dube shi.

"In ka ce kada in tura, ba zan tura ba. Amma jakar nan ba za ta sake hawa jirgi don ado ba."

Ya rufe ido. Ya ja numfashi kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Tura."

"Da ƙarfi, ban ji ba."

"Ki tura! Amma a nemo min hular kwano mai rufe kunne."

Na tura. Sha biyu saura minti tara. Oga ta amso da "An rubuta," har da ɗan hoton yatsa.

Murna ta sa na zazzage jakar gaba ɗaya, na baza laimar a tsakar falo. Ja wur, sabuwa fil, ko takardar kanti ba a cire ba. Igiyoyin suka watsu har ƙofa. Ina cikin rawa a kansu sai wani abu ya faɗo min a rai. Na tsaya.

"Kyaftin."

"Na'am."

"In ba kai ba ne a hoton, waye?"

Fara'ar fuskarsa ta ɗauke ɗif.

"Wani ne kawai."

"Wani wa?"

"Ƙwanki ya huce fa."

Na wuce ɗaki da sauri, na ciro firam ɗin daga bango, na dawo da shi falo. Ya miƙe zumbur.

"Mayar da shi! Don Allah mayar da shi ɗaki, yau Asabar!"

Na san abin da yake nufi. Duk Asabar da ƙarfe ɗaya Yaya Babba take zuwa, yayarsa da ta riƙe shi tun yana ƙarami, a wurinta ma ya zauna can ƙasar waje lokacin tana ƙaro karatu. Shugabar makaranta ce, in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi shekara goma baya. Ita ce take ce min mace mai hankali ba ta da abin yi a bakin teku. Tun da muka yi aure, ko a ɗaki hoton yake, in za ta zo sai Kyaftin ya cire shi ya tura ƙarƙashin gado, wai kada ta yi masa faɗan wasa da rai.

"Da sauran awa guda," na ce. "Faɗa min sunansa in mayar."

"Na yi alƙawari."

"Abokinka ne?"

"A'a."

"Malamin da ya koya maka cin yashi?"

"Gimbiya, ki rufa min asiri."

Na ɗaga hoton wajen hasken taga. Shekara huɗu ina kallonsa, amma kullum mijina nake gani a ciki, ban taɓa duba shi da idon aiki ba. Yanzu na duba. Kafaɗun sun yi wa Kyaftin ƙanƙanta. Agogon kuma a hannun dama yake.

"Kai a hagu kake ɗaura agogo," na ce.

"Salamu alaikum."

Mu biyun muka daskare. Ashe da ya fitar da shara bai mayar da sakata ba.

Yaya Babba ce tsaye a bakin ƙofa, da jakarta a hammata da tabarau a kan hanci.

"Taron iyaye ya tashi da wuri," ta ce. "Wannan wane irin tarkace ne a..."

Ta dubi laimar. Ta dubi igiyoyin da suka kanannaɗe a gaban takalminta. Sai ta ajiye jaka, ta sunkuya, ta ɗauki guda biyu.

"Wane mara hankalin ne ya haɗa igiyar gaba da ta baya? Haka ake kashe mutum a ruwa."

Yatsunta suka warware ƙullin, suka sake ɗaure shi cikin ƙiftawar ido, ko kallonsa ba ta yi. Hannun rigarta ya ɗan zame. Agogonta a dama yake.

Ta ɗago, idonta ya faɗa kan firam ɗin da na rungume a ƙirji. Igiyar ta suɓuce daga hannunta.

Kyaftin ya fara ja da baya yana laluben ƙofar kicin.

"Auta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tsaya nan inda kake."

Ta cire tabarau a hankali.

"Shekara goma sha ɗaya ina neman hoton nan nawa. Me yake yi a hannun matarka?"